Na bi keken Oga Silba da biro a aljihu

Shekara ashirin da takwas ke nan da muka binne Oga Silba a Kafanchan, kuma kullum ina cewa ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Ba gaskiya ba ne. Na rubuta, har littafi guda, sai dai ba irin rubutun da mutum yake so a tuna masa ba ne.

Sunansa Silbanus, mutumin Gabas, Ibo, makaniki a loko inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa. Ya taɓa zama a garin nan na 'yan watanni kafin yaƙin basasa, ya gudu lokacin da 'yan uwansa suka gudu, sannan ya dawo a farkon shekarun saba'in da matarsa da yara biyu da wani baƙin keke. Ni a lokacin sabon ticha ne a firamare, ɗan ƙasa, ina haya a ɗakin da ke jikin nasa. Kuma gara in faɗa tun yanzu, ni mutum ne mai zargi. Matata Saratu takan ce ko gishiri ta sayo sai na lasa kafin in yarda gishiri ne.

A ƙasarmu keke yana da aiki. Ana ɗora masa buhun citta, ana ɗaure masa akuya zuwa kasuwa, ana kai mai naƙuda asibiti a bayansa, mai bishara yana hawansa zuwa ƙauye. Amma kowace Asabar Oga Silba zai goge kekensa, ya ɗura wa sarƙa mai, ya ɗaure famfo da kayan faci, ya fita kariyarsa, wato mazaunin kaya na bayan keken, fayau, ya dawo da yamma kariyarsa fayau. Bai sayo komai ba, bai sayar da komai ba, ba shi da dangi a ƙauyukan. In ka tambaye shi sai ya ce shan iska ya je. Wace iska ce babu ita a Kafanchan sai an tuƙa keke mil ashirin?

Magana ta soma yawo. Wasu suka ce taswirar hanyoyinmu yake zanawa saboda yaƙi bai gama fita daga ransu ba. Wasu suka ce kuza yake nema wa wani Bature. Wata Lahadi bayan sujada, Baba Dogara, dattijon ikilisiyarmu, ya ja ni gindin mangwaro.

"Ticha, wannan maƙwabcin naka, mene ne yana nema a dajinmu?"

"Ban sani ba, Baba."

"To ka sani. Kana da keke, kana da biro. Ka bi shi kamar aboki, ka rubuta inda ya je da wanda ya yi magana da shi. In mugun abu ne, za mu rubuta wa manyansa a ɗauke shi, kuma mai gidanku zai karɓi ɗakinsa."

Wato aikin mutumin da wurin kwanan iyalinsa sun koma hannun birona. Ban ji nauyin abin ba. In faɗi gaskiya, daɗi ma na ji da aka zaɓe ni.

Da na ce wa Oga Silba ina so in riƙa raka shi, bai tambaye ni dalili ba. Ya dubi tayata ta baya, ya matsa ta da babban yatsa, ya ce, "Ticha, wannan taya ba zai kai Kagoro ba." Ya kwance ta, ya yi mata faci biyu da hannunsa. Ko wannan kirkin sai da na sa masa alamar tambaya.

A bayan wannan mutum na san ƙasar da aka haife ni. Hanyar Kagoro muka fara bi, da damina, gajimare ya sauko ya zauna a kan dutsen har ba ka ganin ƙarshensa. Mun bi ta Madakiya, inda kake jin rurin ruwan Matsirga tun kafin ka gan shi. Daga nan zuwa Zonkwa ƙasa ba ta yarda ta kwanta ba: ka hau tudu gwiwarka tana kuka, ka sake ka gangara iska tana cika maka riga, kafin ka gama murna ga wani tudun. Mun kai Zangon Kataf ranar kasuwa na gaji liƙis, ya saya mini ƙosai yana yi mini dariya. Ta wajen Kwoi kuwa, da kaka, citta ce shanye a kan falalen duwatsu, ƙamshinta yana shiga hanci har ya sa ka atishawa, ga gonakin acca sun yi ja a gefen hanya. Shi yana gaba, bayansa a miƙe, ba ya sauka a kan tudu komai tsayinsa. Ni nakan sauka in tura, ina zaginsa a zuciya.

Abin da ya ƙara mini zargi shi ne ba ya kallon abin da ake kallo. A Matsirga ko minti biyar bai yi ba. Amma bari mu hango gida shi kaɗai a gefen rafi, da shingen ƙerana kewaye da shi, da itacen ɗorawa a bayansa, sai ya ja birki. Ya jingine keke, ya taka daga rafin zuwa shingen yana ƙirga sawu da leɓɓansa, ya dubi tudun da ke gabas, ya girgiza kai, ya dawo. Ni kuma a kowace mararraba sai in ce fitsari ya kama ni, in shiga bayan ciyawa in rubuta. Ranar Lahadi in yage shafukan da nake ganin suna da nama in miƙa wa Baba Dogara, in bar sunayen hanyoyi kawai a littafin.

Wata rana a irin waɗannan gidajen, a wata ƙaramar hanya da ta rabu da ta Madakiya, wata tsohuwa ta fito ta ba mu ruwa a ƙwarya. Ba ta da Hausa sosai. Ta tambaye shi yaransa nawa, ya ce biyu a gida. Muka sha, muka gode, muka wuce. Na rubuta wannan ma, na yage, na kai.

Ta wajen Nok abin ya fashe. Ban san Baba Dogara ya aika saƙo can ba, cewa a sa ido a kan wani baƙo mai baƙin keke. Mutanen wurin kuwa sun riga sun gaji da baƙi masu zuwa tonon kawunan laka na mutanen da. Da tsakar rana muka tsaya a wani kango mai ɗorawa. Oga Silba ya ƙirga sawunsa, wannan karon bai girgiza kai ba. Ya durƙusa a gindin itacen yana share busassun ganye da tafin hannu. Kafin in ankara maza sun fito daga gonaki da fartanyu. Ɗaya ya daki tayar gaban kekensa har ta lanƙwashe, wani ya kai masa ƙota a baki. Na ga haƙori a ƙasa.

Bai rama ba, bai tashi ba. Ya tofar da jini, ya yi magana da Hausarsa ta loko.

"Yarinya na yana cikin ƙasa a wani wuri. Ni ban san wurin ba."

A nan, a durƙushe, ya ba da labarin da ko ni da muke raba bango ban sani ba. Lokacin gudun, matarsa ta riga ta tafi gida haihuwa, shi aka bari da 'yarsu Nkechi mai shekara uku. Ya goya ta ya shiga daji da ƙafa, bai san gabas ba bai san yamma ba, zazzaɓi yana cin su duka biyu. Wata mata ta tsince su a bakin rafi, ta ɓoye su a rumbunta. Kwana biyu yarinyar ta cika. Mijin matar ya haƙa rami a gindin ɗorawa bayan shinge, suka rufe ta, washegari ya raka shi har inda zai sami mota. Bai tambayi sunan ƙauyen ba, bai tambayi sunansu ba. Abin da ya riƙe shi ne rafi, da ƙerana, da ɗorawa, da sawu arba'in tsakanin ruwa da shinge. Kuma ya san in baƙo ya shiga ƙauyukanmu yana tambayar kabari, abin da za a ɗauke shi ya fi ɓarawo muni, shi ya sa ya yi shiru.

Mazan suka sauke fartanyu. Wani dattijo a cikinsu ya ce ba nan ba ne, ba a taɓa binne kowa a wannan kango ba. Suka kawo ruwan ɗumi da gishiri ya kurkure baki. Wanda ya dake shi ya koma gefe ya kasa ɗaga ido.

Muka kamo hanya muna tura kekuna, tasa tayar tana tafiya tana rangaji. Da muka kai kan wani tudu na tsaya, na ciro littafin, na gaya masa komai, har da batun ɗakinsa da aikinsa. Ya saurare ni har na gama.

"Ticha, na sani," in ji shi, bakinsa a kumbure. "Wane mutum yana fitsari a kowane mararraba? Ko mai ciwon suga bai kai ka ba." Ya miƙo hannu. "Kawo littafi. Ni kai na ya ruɗe, akwai hanya da na bi sau uku. Ka riƙa rubutawa, mu san inda mun gama."

Baba Dogara da ya ji, sai ya sa hularsa ya je da kansa ya ba da haƙuri. Aka yi sanarwa a majami'u ana neman waɗanda suka binne yarinyar, amma a lokacin ba kowane gida ke zuwa majami'a ba, kuma ba wanda ya fito. Mu kuwa muka ci gaba da fita kowace Asabar, shekara da shekaru, har gwiwarsa ta ƙi. Duk hanyar da muka bi sai in ja mata layi, kuma hanyar da ke da layi ba ma komawa. Ya mutu bai sami wurin ba. A asibiti ya ce mini, "Ka ajiye littafi," kamar akwai wani abin da zan yi da shi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. An zuba wa wasu hanyoyin kwalta, ta fashe, an sake zubawa. Babura sun kori kekuna. Kwanakin baya na ga wasu matasa sun zo daga birni da kekuna marasa nauyi, da matsattsun kaya da hular kwano, suna ɗaukar hoto a Matsirga. Shan iska na gaskiya ke nan, kuma ba wanda ya bi su da biro. Ina jin da zai matsa tayarsu da yatsa ya ce ba za ta kai Kagoro ba. Amma su ma a kan kwalta suka tsaya. Ƙananan hanyoyin da muka bi, yau baƙo ba ya shigarsu shi kaɗai, kuma in ya shiga ba za a jira ya durƙusa ya yi bayani ba. Mun sha wuya a ƙasar nan, ban ce tsoronmu ba shi da dalili ba. Sai dai ni na san yadda zargi yake da daɗi a baki, don na ɗanɗana.

Abin da ya sa na ɗauki biro yau shi ne wannan, kuma ya daɗe yana cina. Shekara biyu bayan rasuwar Oga Silba, 'yar Baba Dogara tana kwashe kayan mahaifinta, wanda ya riga shi tafiya da daɗewa, ta tarar da shafukana a cikin Littafinsa Mai Tsarki, ta kawo mini. Na zauna ina karanta rubutun saurayin da na kasance, har na zo kan na tsohuwar nan mai ƙwarya. Ga abin da na rubuta da hannuna: "Ta daɗe tana kallonsa. Da ya ce yara biyu, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta dubi biron aljihuna, ta koma ciki. Ba ta sake fitowa karɓar ƙwaryarta ba. A bincike ta."

A lokacin labari ya riga ya kai ƙauyuka cewa duk wanda ya yi magana da Ibon nan, ticha yana rubuta sunansa. Shi kuma ranar ya ƙirga sawu bai sami arba'in ba, ya girgiza kai. Sai daga baya na tuna cewa rafi yana cin gaɓarsa kowace damina.

Na hau babur na je. Gidan ya rushe, an sare shingen, wani ya shuka masara a wurin. Tsohuwar ta mutu tun tuni, 'ya'yanta sun watse, maƙwabta ba su san komai ba. Akwai kututturen ɗorawa. Na tsaya a kansa ban san ko addu'a zan yi ba ko haƙuri zan bayar, kuma ban san wa zan ba.

Wataƙila ba ita ba ce. Ni mai zargi ne, na faɗa tun farko, kuma na taɓa yin kuskuren da ya ci haƙorin mutum. Amma wannan zargin ya ƙi barina, domin wannan karon a kaina yake.

Kekensa yana wurin ɗansa a Gabas, an ce ya yi tsatsa. Abin da ya rage a hannuna littafin ne, da hanyoyin da ya koya mini a ƙasar ubana, da yadda ya karɓi abin da na rubuta don a kore shi ya ce in ci gaba. Ya yarda da littafina fiye da yadda na taɓa yarda da shi. Hanyar gidan tsohuwar tana shafi na huɗu, da layi a kanta, kuma ni na ja layin.