Ranar Da Appa Ya Hutar Da Na'urar Vasundhara

Vasundhara 'yar tela ce. A gindin keken ɗinkin mahaifinta Ranganna ta girma a birnin Mysuru, kuma wurinsa ta gaji ƙin duk abin da ke jan ƙafa. Da ta zama injiniya sai ta faɗa aikin da abokanta ke gudu, wato rumbun bayanai na cikin ƙananan na'urori, irin wanda ba ya tsayawa rubuta komai a faifai, a ka yake riƙe da komai don ya amsa kafin ƙiftawar ido. Aibinsa ɗaya ne, wuta na ɗaukewa ya manta har sunansa.

Ta sha fama da wannan mantuwa, har ta ƙirƙiro wa na'urar da ke lura da numfashin jarirai dabarar farfaɗowa. Sai dai ogansu Prabhakar, wanda ko atishawa ba ya so a yi kusa da wayar wuta, ya hana a gwada. Tun farkon damina na'urar ke kan dogon gwaji, kuma ya faɗa da babbar murya cewa idan ta zubar da abin da ta tara kafin masu saye su zo, aikin Vasundhara ya tafi kwandon shara.

Ana haka Ayudha Puja ta zo, ranar da ake wanke kayan aiki, a rataya musu furanni, a bar su su huta. Kowa ya zo ofis da iyalinsa, ita ta zo da mahaifinta, wanda take kira Appa. Tsohon ya fara mantuwa, yakan nemi tabarau alhali yana kan hancinsa, amma al'adar wannan rana tana nan daram a kansa. Ya duba ɗakin, ya ga komai a kashe sai na'urar gwajin nan ita kaɗai tana ta ƙyafta fitila.

"Ita wannan laifin me ta yi?" Ya rataya mata fure, ya sunkuya ya zare wayar.

Prabhakar ya ƙware da alewar da ke bakinsa.

"Appa! Ka kashe ni!" in ji Vasundhara.

"Ke 'yar nan, kekena ma tana can kwance da fure a wuya. Ku ba ku da tausayi ne?"

Ta yi maza ta mayar da wayar. Tsoro ta ji sosai. Allon ya yi baƙi ƙirin, sannan layuka suka fara fitowa, tun daga ruwan farko na damina har zuwa lokacin da fure ya sauka. Ko ɗigo bai ɓace ba.

"Ai dama na san za ta tashi," in ji Prabhakar yana share hawayen tari.

"Oga, sha ruwa tukuna," in ji wata daga baya, ɗakin ya kwashe da dariya.

A cikin a-daidaita-sahu suna komawa gida, Appa ya ce, "Me kika yi mata da ba ta manta ba?"

"Duk abin da ta ji, nan take take faɗa wa wani ya riƙe mata, Appa. In ta farka sai ya maimaita mata."

Ya gyaɗa kai, ya dafa hannunta. "To ni ma daga yau ke zan riƙa faɗa wa."