Matar da ke saƙa a ƙarƙashin coci

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, malamar da ke koya mana lafiyar al'umma ta ce za ta kai mu mu ga mutanen da muke ta karanta labarinsu a takarda. Tsakiyar shekarun tamanin ne, ina zaune a Hyattsville ta ƙasar Amurka, a ɗakin da goggona ta ware mini a gidan hayarsu. Wata Asabar ana yayyafi muka cika ƙaramar bas ɗin makaranta, aka nufi wani coci a cikin Washington.

Ba ta babbar ƙofa muka shiga ba. Fasto ya bi da mu ta gefe, muka sauka matakala zuwa ɗakin ƙasa. Kafin ya buɗe ya roƙe mu kada a ɗauki hoto, kada a tambayi sunan kowa. Mutanen da ke ciki yaƙi ne ya koro su daga tsaunukan Guatemala, suka ratsa Meziko, suka tsallako iyaka ba takarda. Cocin ne ya ba su mafaka.

Ƙamshin masara a kan wuta ya fara tarbata. Mata suna ta faɗaɗa ƙullu da tafin hannu suna gasawa a kasko, katifu jingine da bango, wankin yara a shanye a kan igiya. Tun da na bar Kafanchan ban shiga wurin da ya yi mini kama da tsakar gida haka ba.

A kusurwa wata mata tana durƙushe tana saƙa. Ta ɗaure bakin zaren a jikin bututun ruwa, ɗaya bakin a ƙugunta. Ba za ta girme ni da yawa ba. Wata ƙatuwar rigar sanyi ta maza ce a jikinta, irin wadda ake bayarwa sadaka. Ba ta jin Turanci, Sifaniyancin ma sama-sama. Harshen ƙauyensu kawai take yi, na mutanen da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Wani dattijo, ƙanen mahaifinta, shi ke juya maganarta zuwa Sifaniyanci, malamarmu kuma ta juya mana.

Dattijon ya ce a wurinsu kowane ƙauye da irin adon rigarsa. Ko a kasuwa ka hangi mace, rigarta ta gaya maka garinsu. Na tuna tsagar fuskar kakata. 'Yan ajinmu suka yi ta tambaya a kan rini da ma'anar tsuntsayen da ke jikin saƙar. Wata ta tambaya ko ta sayarwa ce, ya girgiza kai.

Ni kuma na ce, "Baba, ita ina tata rigar?"

Ya isar wa matar da tambayar. Ba ta daina saƙar ba, haka ta amsa, muryarta ƙasa-ƙasa.

Ta ce da suka kusa iyaka, mutumin da ke yi musu jagora ya sa matan su tuɓe rigunansu, don da jami'ai sun gani za su gane daga inda suka fito. Sauran suka jefar da nasu a rami. Ita ta naɗe tata ta ɗaure a ciki. Tana goye da 'yarta, wadda ba a yaye ba, gudawa ta kama yarinyar tun a Meziko. A cikin hamada ruwansu ya ƙare, nono ya ƙafe. Da rana tsaka ta ji goyon ya yi mata wani irin nauyi, ta sauke, ta tarar rai ya yi halinsa. Babu likkafani. Ta kwance rigar ta naɗe yarinyar, ita da dattijon suka haƙa ƙasa da dutse da hannu, jagoran yana tsaye yana cewa su yi sauri. Suka jera duwatsu a kai don kada namun daji su tone.

Mu kuwa a makon ne aka gama koya mana haɗa ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa, har na ci jarrabawar.

Da za mu tashi matar ta kama bakin zanena ta murza, tana duba saƙar. Sai ta yi magana, dattijon ya juya, malama ta ce, "Tana tambaya ko kina da ɗa."

Na ce ina da ɗaya, na baro shi gida yana koyon tafiya.

"Wa ke goya shi?"

"Mahaifiyata."

Ta gyaɗa kai, ta saki zanen. "To, madalla. Kin san inda yake."

Da na isa gida goggo ta dube ni ta ce, "Ke lafiya? Wani abu aka yi miki?" Na ba ta labari a tsaye a kicin. Ta kashe wuta ta zauna, ta ce, "Wayyo, 'yar mutane."

Bayan 'yan makonni goggo ta samu hutu a asibitin da take aiki. Ta tuƙa tuwon masara, ta kaɗa miyar kuka, muka kama hanyar cocin. Fasto ya ce matar da dattijon sun tashi, an wuce da su arewa wajen Kanada. Ko sun isa, bai ji ba tukuna.

Goggo ta ce abinci ba ya komawa gida. Muka buɗe kwanuka, matan da suka rage suka kewaye mu. Tuwon sun cinye shi tas, miyar ce dai suka yi ta yi wa kallon tsoro. Kafin mu fita goggo ta durƙusa ta yi wa matafiyan addu'a da Hausa, matan suka sunkuyar da kai har ta gama. Na sake tambayar faston sau biyu a shekarar, bai samu labari ba.