Likitan Fiɗa da Ɗansa Maƙerin Kibau

Haihuwa da karatu

An haifi marigayi likita a shekara ta 212 bayan Babbar Ambaliya, a wani gari da ke gindin duwatsu. Mahaifinsa majemi ne, mahaifiyarsa ungozoma. Ya koyi aikin fiɗa a asibitin garin, inda ya ɗaukar wa kansa alkawarin cewa hannunsa ba zai taɓa riƙe makami ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Aure da iyali

A shekara ta 238 ya auri ɗiyar wani mai jirgin fito, suka sami 'ya'ya uku. Ya so ɗan farinsa ya gaje shi, amma yaron da ya ga jini sai jiri ya kwashe shi, saboda haka ya koma maƙera. Shi ya riƙa ƙera wa mahaifinsa wuƙaƙe da allurai, har likita kan yi raha ya ce rabin gwanintarsa a maƙera take kwana.

Shekarun yaƙi

A shekara ta 265 yaƙi ya ɓarke tsakanin mutanen gari da masu fukafukai, al'ummar da ke zaune a ƙololuwar duwatsu. Hukuma ta umarci maƙera su koma ƙera kibau, ɗan likita kuwa ya ƙago wata mai ƙugiya, wadda in ta shiga jiki ba ta fita. Likita ya ci gaba da ɗinke kowa a kan tebur ɗaya, har da kamammun abokan gaba, duk da jifan tagoginsa da ake yi. Ranar da wata mai fukafukai ta cika a hannunsa, ya ga tambarin ɗansa a jikin kibiyar da ta soke ta, sai ya tattara wuƙaƙen da ɗan ya ƙera masa ya mayar maƙera.

Ɗan ya ce, "Baba, in ban ƙera ba a kan rufinmu za su sauko, ƙannena kuma suna ciki."

Likita ya ce, "Na sani. Amma kai inda kibiya take tashi kake gani, ni inda take tsayawa."

Suka daina magana da juna. Likita ya koma aiki da tsofaffin wuƙaƙe, ya kuma rasa majinyatan da ya san ƙirar ɗansa za ta iya cetowa. Wannan ya tsaya masa a rai, bai kuwa taɓa ɓoye shi ba.

Tsufa

A shekara ta 270 ɗan ya shigo ɗakin fiɗa da wani siririn hantsaki da ke lanƙwashe ƙugiyar tun tana cikin nama.

Ya ce, "Ban daina ƙera kibau ba, Baba. Kada ka ce na yaudare ka."

Likita ya jujjuya hantsakin a hasken taga, ya daɗe, sannan ya ce, "Bakinsa ya yi kauri. A rage."

Daga nan suka koma cin abinci tare, ba tare da ɗayansu ya sauka daga ra'ayinsa ba.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a shekara ta 281, bayan an yi sulhu, aka binne shi a bayan asibiti. Masu fukafukai suka sauko suka raka gawarsa a ƙafa, abin da ba su taɓa yi wa kowa ba. Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: ɗiya ungozoma, auta malamin makaranta, da maƙerin, wanda har yau yake cewa mahaifinsa ya yi kuskure, amma ba ya yarda wani ya faɗa a gabansa.