Injin Li'azaru

Li'azaru masunci ne a tafkin Madarumfa, kuma tun da ya gaji injin kwale-kwale daga wansa bai taɓa barin kowa ya taɓa shi ba. Ko ranar Lahadi sai ya kulle shi a ɗaki kafin ya tafi majami'a.

Wata damina jirgin ya rage gudu. Ko ya murɗa injin har ƙarshe, sai gurnani kawai yake yi, jirgin na jan jiki. Li'azaru ya zargi mai sayar da esansi, wato fetur, da sirka shi da ruwa. Ya sauya buji, bai ga bambanci ba. Daga nan hankalinsa ya koma kan Ɗogo, maƙwabcinsa mai bin al'adar gargajiya, wanda ya sha gani yana leƙen injin a bakin ruwa.

Ran nan ya tare shi. "Baba Ɗogo, mi kake nema wajen injina?"

"Farfelarka nike kallo," in ji Ɗogo. "Zaren raga ya naɗe ta, bakinta kuma ya lanƙwashe. Kawo in gyara maka."

Li'azaru ya ƙi. Sai da matarsa Amana ta matsa masa sannan ya yarda, ya tsuguna kusa yana bin hannun tsohon da ido har aka gama.

Injin ya dawo da gudunsa, har ya fi da. Li'azaru ya kai wa Ɗogo kifi ya yi godiya, amma har yau yakan tambayi Amana yadda aka yi tsohon ya san ciwon tun daga nesa.