Na Koma Daji Neman Duna

A lokacin da abin nan ya faru ni mai sana'ar daddawa ce a wani ƙauye da ke bayan Kuyello, mijina bai daɗe da rasuwa ba. Maharbi ne, kuma abin da ya bar mini bai wuce ɗaki biyu da rumbu da wani baƙin kare da muke kira Duna ba. Na san wasu masu karatu sun riga sun yatsine fuska da jin kare, to su daure su ji ƙarshen zance. Allah bai ba mu haihuwa ba, karen nan ne ke raka ni gona, shi ke kwance a bakin ƙofa in ina dafa kalwa. Ranar da ɓarayin daji suka nufo ƙauyenmu, haushinsa ne ya ankarar da mu tun kafin a ji ƙarar baburansu, muka samu muka tsere ta cikin gonakin masara.

Washegari aka samo motar kaya da za ta kwashe mu zuwa Birnin Gwari. Na jawo Duna da igiya zan ɗora shi, direba ya ce ba a sa masa najasa a mota. Wani dattijon maƙwabcinmu ya ce in ji tsoron Allah, ana ta rai wa yake ta kare. Mata suka yi ta dariya. Kunya ta kama ni, na saki igiyar. Ya bi motar da gudu har ya gaji ya tsaya yana kallonmu. A duk labarin nan, sakin igiyar nan kaɗai nake nadama.

A birni na sauka gidan ƙanena, amma hankalina yana kan Duna. Duk wanda ya fito daga yankinmu sai na tare shi a tasha da tambaya, har 'yan acaɓa suka laƙaba mini uwar kare. Ƙanena ya ce in na sake tayar da maganar zai ɗauka na taɓu. Ranar kasuwa na ƙulla ƙuli-ƙuli a gefen zane na hau motar Kuyello, daga nan na taka da ƙafa, don babu mai babur da ya yarda ya shiga. Ina tafe ina kiran sunansa ƙasa-ƙasa, ina tsoron kada wani kunnen ya riga nasa ji. Da na jiyo babura sai na faɗa wani kwazazzabo na kwanta, ƙaya ta yayyage mini ƙafa. A kufan gidanmu ban same shi ba, rumbun ma ya zama toka. Sai na tuna gindin ɗorawar da mijina ke hutawa in ya dawo farauta. Can na tarar da shi, duk ƙasusuwa a waje, ƙafa ɗaya ta kumbura. Ya ɗaga kai ya kaɗa mini wutsiya. Na zauna a ƙasa na yi kuka har na gode Allah.

A wurinmu duk wanda ya shiga daji ya fito lafiya, ba a rasa mai cewa infoma ne. Da na fito, 'yan sa-kai suka tare ni a bakin garin Kuyello, suka ce in faɗi saƙon da na kai wa ɓarayi. Na kwance karen da na goyo a zane, na ce musu ga abin da ya kai ni, su tambaye shi. Babbansu ya taɓa farauta da mijina, ya gane Duna, shi ne ya sa wani mai motar gawayi ya ɗauko mu zuwa birni. Har yau akwai matan da suka daina sayen daddawata saboda zargin nan. Su sha miyarsu lami.

Ba na ba kowa shawarar ya shiga dajin nan, ya ci maza masu bindiga, ni ma ba wayona ya fito da ni ba. Gargaɗina shi ne kada dariyar mutane ta sa ka saki abin da ya riƙe maka amana, don da na kafe ranar nan da ban taka dajin ba. Duna yana nan yana ɗingishi a ƙofata. Dattijon maƙwabcin nan namu in ya biyo layinmu yakan tattare rigarsa kada ta taɓa shi. Ni kuwa ba na fasa tuna masa cewa ranar da karen ya yi haushi, bai tsaya tambayar ko yana da tsarki ba kafin ya ruga.