Takardu Biyu a Aljihun Mai Aski

Bangon da ya raba shagon Anti Kwafi da shagon aski falanki ne aka shafa wa fenti, ko tari aka yi a can sai ta ji kamar a kafaɗarta. Safiyar nan injin aski ya tsaya cak alhali ba a ɗauke wuta ba, sai muryar Auta, ƙanen mai askin, ta ratso.

"Yaya, na ga sunanka a takardar ƙungiya. Na uku daga sama. Ka ce min ba hannunka ba ne."

"Hannuna ne. To sai me? Sa hannu ai ba rantsuwa ba ce."

"Shagona za a rufe."

"Wa ya ce rufewa? Makaranta aka ce, wata shida."

"Wata shidan kai za ka riƙe min yara?"

Can wani da aka bari da rabin kai ya roƙa a ƙarasa masa, yana saurin zuwa ofis. Anti ta ji an bugo ƙofa, ta leƙa ta ga Auta yana tsallaka titi zuwa nasa shagon, tawul a kafaɗa, bai waiwayo ba.

Shekara sha tara tana buga wa mutane takardu a wannan layi, duk a maƙwabtaka da mai askin da kowa ke kira Baba A-Bari. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Lakabin ya samo shi ne a rediyon jiha, a shirin yamma da ake buɗe layi, inda duk dokar da majalisa ta ɗauko sai ya bugo ya ce a bar mutane su nemi abincinsu. Da aka ce za a ƙayyade kuɗin mota, shi ya ce direbobi za su gudu daga hanyoyin nesa. Suka kuwa gudu, har yau bai bar kowa ya manta ba. Da aka tashi kwashe masu tebur daga bakin titi, ya yi mako guda yana tambaya ko teburin ne ya tare hanya ko kuwa yana tare wa masu manyan shaguna ciniki. Bai wuce firamare ba. Yakan ce karatunsa a kan kawunan mutane ya yi shi, shekara talatin da ɗaya.

Abin da Anti ta lura da shi, wanda shi bai taɓa lura ba, shi ne yadda yake jera hujjarsa. Masu sauƙi yakan zubo su yana rage suma. Mai nauyin sai ya ajiye ta har reza ta iso ƙarƙashin muƙamuƙi, ya ɗaga haɓar mutum da yatsa biyu, sannan ya ce, "Ko ba haka ba?" Malamin jami'a ne ko ɗan sanda, amsar ɗaya ce, ta cikin haƙora: haka ne. Da wannan ya tsufa yana ganin ba a taɓa kayar da shi a gardama ba.

Auta ƙanensa ne ciki ɗaya, shi ya koya masa riƙon almakashi. Shekara huɗu da suka wuce ya buɗe nasa a tsallake, da babban madubi da talabijin mai nuna ƙwallo, matasa suka bi shi. Ranar buɗewa Baba A-Bari ya tsaya gaban jama'a ya ce gasa alheri ce, mai aski biyu sun fi ɗaya amfani ga mai kai. Washegari Anti ta ji yana buga ƙusa. Da ta shiga aron tsintsiya ta tarar ya karkata madubinsa, yadda in yana aiki ƙofar Auta na cikin gilashin, da duk wanda ya shige ta.

Dokar kuwa ta taso ne bayan ƙuraje sun bazu a kawunan yaran wata makaranta, aka ɗora laifin a kan masu aski. Kwamitin lafiya na majalisar jiha ya kawo ƙudiri: duk mai aski sai ya rufe shago ya yi kwas na wata shida ya karɓi shaida, ban da wanda ya shekara goma a shagon kansa. Shugabannin ƙungiyar masu aski duk sun haura goma, suka rungumi abin hannu bibbiyu. Auta ya fi shekara ashirin a sana'ar, amma shagonsa shekara huɗu kacal.

Ran Litinin Baba A-Bari ya shigo wurin Anti da rubutun hannun shugaban ƙungiya. Shi aka zaɓa ya karanta a zaman jin ra'ayin jama'a, tunda muryarsa sananniya ce. Ta buga shafi uku, ta danna musu ƙarfen haɗe takardu a kusurwa. Ran Laraba ya dawo hannu rabbana, ya ja kujera, ya ce ta rubuta abin da zai faɗa. Wannan karon shi ne na rediyo: cewa wanda ya kwashi ƙuraje a shago ba ya komawa, kuma yana gaya wa mutum goma kafin jami'in duba ya gama neman mai a babur, cewa duk dokar da tsofaffin sana'a suka yi wa tafi, a duba wa take rufe wa ƙofa. Yana faɗa yana gumi. Ita ma shafi uku ta cika, ta danna mata ƙarfe.

Ta tambaye shi wacce zai karanta. Ya ce ita dai aikinta bugawa. Ya naɗe ɗaya a aljihun dama, ɗaya a na hagu, ya fita yana shafa su kamar mai ciwon haƙarƙari.

Ranar zaman Anti ta rufe shago ta bi, don ba za ta yarda a ba ta labarin nan ba. Zauren dogon tebur ne da robobin ruwa da lasifika mai ƙara. 'Yan ƙungiya suka cika layin gaba da fararen riguna. Auta na can baya kusa da ƙofa. Shugabar kwamitin tsohuwar nas ce, mai tabarau a kan hanci.

Baba A-Bari ya fara lafiya. Shafin farko ya yaba wa majalisa, ya ce kan ɗan Adam ba wurin gwaji ba ne, 'yan gaba suna gyaɗa kai. Ya juya shafi, da murya ɗaya, bai ko tsaya ba, ya ce takardar shaida a bango take rataye, ba ta taɓa sauka ta wanke inji ba. Gyaɗa kan ya tsaya. Ya sake juyawa, ya roƙi a gaggauta sa hannu a dokar. Ya sake, ya ce a yage ta. Anti ta san kowane layi, ita ta buga, amma ba a wannan jerin ba.

Shugabar ta sauke tabarau. "Malam, goyon baya kake yi ko adawa?"

"E," in ji shi.

Zaure ya ɗauki dariya. Ya ajiye takardun ya koma hujjar da ya fi yarda da ita, ta mai ƙurajen da ba ya komawa, ya kai ta ƙarshe, ya ɗaga yatsa biyu a iska.

"Ko ba haka ba?"

"Ba haka ba," in ji ta. Ta ce akwai cutar da reza ke ɗauka wadda ba ta nuna kanta sai bayan watanni, lokacin mutum ya yi aski a shago biyar. Wanne zai daina zuwa? Wa zai gaya wa mutum goma?

Anti ta ga yatsun nan biyu sun tsaya a sama ba haɓar da za su kama. Ya dubi layin gaba, ya dubi ƙofa. Abin da ya fito daga bakinsa ba ya cikin kowace takarda. Ya ce a zauren nan akwai masu shekara talatin da ke goge kai arba'in da tawul ɗaya, ya san su, sun san ya san su. Ya ce akwai mai shagon shekara huɗu da ke tafasa kayansa kullum kamar zai yi tiyata. In karatun dole ne, tsufa ba ya wanke reza, kowa ya tafi. In kuwa ba dole ba ne, a ƙyale mutane, a je a duba tukunyar tafasa.

Shugabar ta rubuta wani abu. Daga inda Anti take, ta ga alƙalamin ya tsaya tun kafin Baba A-Bari ya kai rabi na biyu na maganarsa.

Bayan mako uku doka ta fito. An cire rangwamen shekara goma, kowa zai yi kwas, amma an raba aji safe da yamma don kada shago ya rufu gaba ɗaya. Ƙungiya ta cire sunan Baba A-Bari daga kwamitinta. A rediyo masu son dokar suka riƙa kafa hujja da shi, masu ƙinta ma haka, shi kuwa ya daina bugowa. Auta bai tsallako ba, sai dai matarsa ta fara gaida matar Yaya a hanya.

Anti ta kasa yanke hukunci. Ranar zaman, da ya bar takardun a kan tebur, ta ɗauke su. Kowane shafi da ƙananan huji biyu a kusurwa, ba yagewa ko kaɗan. An miƙe ƙarfen ne a hankali, da farce ko bakin almakashi, aka cire, aka shirya shafukan ɗaya nan ɗaya can. Ruɗewa ba ta yin aiki mai tsabta haka. To don ya ceci ƙanensa ne ba tare da ya fito fili ya saɓa wa ƙungiya ba? Ko don ya kasa zaɓa, ya bar wa takarda ta zaɓa masa? Ko kuwa so yake a nutse tare, tunda shi kaɗai ba zai iya hana matasa tsallaka titi ba?

Da ya shigo cike fom ɗin makarantar ta ajiye masa shafukan a gabansa, ta nuna hujin. Ya kalle su ya daɗe, kamar wani ne ya yi. Ya ce ƙarfenta ne ba shi da ƙwari. Ta ce shekara sha tara bai taɓa cirewa da kansa ba. Ya ce shi ma yana ta tunani, in ya gano zai gaya mata.

Ta buga sunansa na yanka, wanda sai da ta tambaya. Ya karɓi fom, ya kai bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon tsallaken titi.

"In wancan ya zo cike nasa, ki ce na ɗauki ajin safe, shi ya ɗauki na yamma. Kada mu tafi lokaci ɗaya layin nan ya rasa mai aski." Ya ɗan juyo. "Kuma kada ki ce ni na ce."