Hannun Ralaivao

A duk kwarin Ankazomena da wuya ka sami gonar shinkafar da ba ta sha gumin Ralaivao ba. Tun yana saurayi haka yake. A yi kiran gayya, wadda su suke ce wa valin-tanana, kafin mai gonar ya gama kurɓar ruwan ƙanzon shinkafarsa, Ralaivao ya riga ya shiga taɓo da dogon sheburinsa. Ƙa'idar kuwa kowa ya san ta: na ba ka hannuna yau, ka mayar mini ranar da na kira. Shi dai bai cika kira ba, don gonarsa 'yar ƙarama ce, can ƙarshen kwari inda ruwa ba ya isa sai sama ta ga dama. Har furfura ta fito masa, kusan kowane gida yana riƙe da hannunsa. Matarsa Rasoavelo takan tsokane shi, wai ya tara hannuwa kamar wanda zai tafi da su kabari.

Ana nan sai wata ƙungiyar 'yan sa kai ta zo daga Fianarantsoa, wata budurwa mai suna Voahirana ce a gaba. Ba su ɓoye komai ba. Suka ce su za su kawo siminti da mai awo, mutanen gari su kawo ƙarfi, a jawo ruwa daga idon ruwan kan tudu har ƙarshen kwari. Kuma gari ne zai ja ragama, su nasu taimako ne. Aka tafa, aka watse, washegari ko kare bai fito ba. An sha yi musu irin wannan daɗin bakin.

Ralaivao ne ya kasa zama. Ya bi gida gida yana cewa ranar da ya yi wa mutum a gonarsa, ya mayar masa da ita a bakin magudanar. To, wannan magana ce da ba a ƙi. Har Razafimbelo, wan matarsa, mai shanu da manyan gonaki a tsakiyar kwari, ya turo 'ya'yansa. Voahirana ta riƙa ce wa Ralaivao Baba, tana cewa ba don shi ba da tuni sun naɗe kayansu. Shi kuwa sai murmushi, yana hango ruwa kwance a gonarsa.

Aka fasa dutse, aka yi ta haƙa, magudanar ta gangaro har tsakiyar kwari, inda gonakin yawancin mutane suke. Ranar da ruwa ya shiga gonar Razafimbelo aka yi rawa aka yanka sa. A ranar aka naɗa kwamitin ruwa, Razafimbelo shugaba. Sai hadari ya fara haɗuwa, kowa ya ce bari ya gyara gonarsa tukuna, sauran haƙan a ƙarasa daga baya. 'Yan sa kai suka miƙa ragowar siminti ga kwamiti, suka wuce wani ƙauye. Voahirana ta ce wa Ralaivao kada ya damu, ai yanzu abin yana hannun 'yan'uwansa. Yarinyar da zuciya ɗaya ta faɗa. Simintin nan dai a bakin gonar shugaba ya ƙare, wai ana ƙarfafa gefen magudana.

Ralaivao ya ce a ransa bana ma a yi da ruwan sama kamar kullum. Da aka yi ruwa mai ƙarfi ƙasa ta jiƙu, ya aika a gaya wa mutane gobe gayyarsa, a zo da shanu a tattake taɓo kafin ya bushe, don irin da ya yafa ya isa dashe. Rasoavelo ta dafa shinkafa babbar tukunya, ta daka ganyen rogo, ta yanka kajinta.

Rana ta fito, ta take. Babu kowa. Daga inda yake tsaye yana jin ihun masu kora shanu a tsakiyar kwari, da waƙar mata masu dashe. Ya ajiye shebur ya haura, ya tarar da su duka a gonar surukinsa, ruwa har ƙauri.

"Yaya, ban aiko ba ne?"

Razafimbelo ko kunya babu, ya share taɓon hannunsa a wando.

"Ka aiko, ƙanena. Amma ai mun rama maka. Da bakinka ka ce a mayar maka a magudana."

"Magudanar tawa ce?"

"Ta gari ce. Hannun dai naka ne."

Ralaivao ya dubi sauran, mutanen da ya yi wa haƙa tun iyayensu na da rai. Kowa ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar shanunsa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a ƙa'ida ba su yi ƙarya ba. Kai, wannan cin amana da tsabta yake!

Shi da matarsa suka yi ta saran ƙasa su biyu har ta bushe ta tsage. Irin ya yi ja a inda aka yafa shi. Abin da suka dasa bai kai rabin gonar ba, wanda za su girba kuwa ba zai kai su tsakiyar rani ba, sai dai rogo ya riƙe su.

Lokacin girbi Razafimbelo ya zo da kansa har ƙofar gida, da fara'arsa, wai gobe gayya, kuma ya san ƙaninsa ba ya makara. Ralaivao yana zaune yana ɓare rogo. Tun da aka haife shi bai taɓa cewa a'a ga wannan kira ba, har Rasoavelo ta leƙo daga madafa.

"Hannuna ya ƙare, Yaya," in ji shi. "Yana can kwance yana ba gonarka ruwa."

Washegari sheburinsa na jingine a bango, shi kuma yana zaune a gefensa har masu girbi suka tashi.